Kyaftin Mai Roƙon Hadari

Tun wajen tsakiyar lokacin iskar gabas Jaufar ya daina ganin launin ruwa yadda ya saba. Abin bai zo masa gaba ɗaya ba. Da farko kamar hayaƙi ne a gefen idon dama, ya yi ta wankewa yana cewa gishiri ne. Daga baya na hagun ma ya ɗauka. Da ya je Male, babban birnin tsibiransu, sayen igiya da man inji, sai ya ratse wurin likita shi kaɗai. Likita ya haska, ya ce yanar ido ce, ta kuma yi kauri, sai an yi aiki. Jaufar ya yi godiya, ya fito, ya sayi baƙin tabarau, ya koma jirgi. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Zulfa.

Aikinsa kuwa duka a ido yake. Jirginsa mai filafilai ne, yana ɗaukar baƙi masu hutu ya yi ta yawo da su tsakanin tsibirai, su ci a ciki, su kwana a ciki. Ruwan nan cike yake da duwatsun murjani, wasu sun taso daga ƙasa kamar rumbu, kansu saura kaɗan ya taɓa fuskar ruwa. Na'urar auna zurfi ba ta faɗin dutse sai ka riga ka hau shi. Taswirar waya ta san tsibiri, ba ta san kowane dutse ba. Shi ya sa a tsibirinsu mai jirgi ba ya riƙe sitiyari a wuri mai wuya. Goshin jirgi yake tsayawa, rana a bayansa, ya karanta ruwa: shuɗi mai duhu a wuce, kore a rage gudu, ruwan ƙasa a kauce. Da hannu yake magana, na kan sitiyari ya bi. Wanda ya tsaya a goshi shi ne kyaftin. Ranar da mutum ya sauka daga nan, kowa ya san inda za shi: kujerun igiya na gindin bishiya a bakin tashar jirage, inda tsofaffi ke wuni suna kallon jiragen wasu. Mahaifin Jaufar a can ya ƙare, yana tambayar masu wucewa jirgin wa ya shigo.

A kan abu biyu Jaufar ya yi suna. Ba ya yanke wa baƙi hanya tun daga gida. Kowace safiya bayan shayi sai ya zazzage ɗiyan wuri daga wata 'yar jaka, ya jera su a kan tebur a matsayin tsibirai, ya ce ga inda muke, ga inda iska ta fito, yau ko nan ko nan. Rana ɗaya a cikin tafiyar kuma ta baƙo ce, duk inda ya nuna za a je, in dai sama ta yarda. Abu na biyu, bai taɓa yi wa iska ƙarya ba. Wasu masu jirgi in sun ji ƙyuya sai su dubi sama su girgiza kai. Shi in ya ce sama ba ta yarda ba, to ba ta yarda ba.

Baƙin wannan karon mutum biyu ne daga Mumbai, Firoza da mijinta Kersi, dukansu sun ajiye aiki. Ita siririya ce, ba ta yawan magana, tana iyo kamar kifi. Shi kuwa ƙato ne mai raha, ruwa na juya masa ciki, kuma kullum yana cikin wata riga mai ruwan lemo da matarsa ta ce ana hango shi da ita daga ƙofar gidansu.

A safiyar farko, tun Jaufar bai gama jera ɗiyan wurin ba, Firoza ta miƙo wayarta.

"Kyaftin, ni tun a jirgin sama na zaɓi ranata. Wannan na gani ta taga."

Jaufar ya karɓi wayar, ya ga shuɗi-shuɗi da wani abu a tsakiya. Ya ƙura mata ido kamar mai tunani. Nizam, ƙanin matarsa, wanda ke riƙe sitiyari, ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Zobe ne," in ji Nizam.

Zobe ba tsibiri ba ne. Katangar murjani ce da ta zagaye kanta a tsakiyar teku, cikinta ruwa kwance kamar a kwano. Ƙofa ɗaya gare shi, matsattsiya, ta lanƙwashe kamar gwiwar hannu, da duwatsu a bakinta, ruwa kuma na jan jirgi gefe. Rabon Jaufar da shi tun idonsa garau.

"Ana shiga?" Firoza ta tambaya.

"Ana shiga, Madam. Amma sai rana ta yi tsaka, sama kuma fes. In da girgije, ba a shiga."

"To, ka zaɓa mana ranar da ta fi."

Ya ce to. Gaskiya ya faɗa mata, amma a cikin gaskiyar ya hango mafita. Lokaci ya zo gangara. Bisa lissafin taurari na tsofaffi, iskar yamma na gab da juyowa da ruwanta. In hadari ya rufe sama har baƙin nan su tafi, bai yi ƙarya ba, bai shiga Zobe ba, babu kuma wanda ya san komai.

Suka ɗaga anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, suka buɗe filafilai, iska ta cika su. Nizam ya janyo wani kiret na lemo ya hau kai, sannan ya kama sitiyari. Gajere ne dama, amma shekara da shekaru yana tuƙi a ƙasa, sai kwanan nan ya ɓullo da hawa kiret, wai bayansa ke ciwo.

"Sarkin gajeru ya hau gadonsa," in ji Jaufar.

"Yaya, bar ni da ciwona."

"Wane irin ciwon baya ne maganinsa kiret? Ka dai gaji da kallon cibiyar mutane."

"Yayata ma gajera ce, ban ji ka mayar da ita ba."

"Ita tana da amfani."

Kersi ya yi dariya har da buga cinya, ko da yake sai da aka fassara masa.

Washegari sama ta wayi gari fes. Jaufar ya jera ɗiyan wuri, ya ce iska ta yi kyau zuwa kudu, akwai wani tudun yashi da ruwa ke rufewa in iskar yamma ta zo, in ba su gan shi yanzu ba sai baɗi. Gaskiya ne. Suka je. Kashegari ya ce masunta sun ga kififiya da yawa a bayan wani tsibiri. Wannan ma gaskiya ne, Firoza ta yi iyo da su har yatsunta suka yi yaushi. Duk wuraren da yake kai su masu faɗin ƙofa ne, waɗanda ya sani kamar tsakar gidansa. Yana tsayawa a goshi da baƙin tabarau, ya ɗaga hannu, ya karkata shi hagu ko dama, rabi da ido rabi da tunawa. Jirgi na wucewa lafiya. Kowace wucewa sai ya ji gumi ya gangaro masa ta tsakiyar baya.

Abin da ya fi ba shi kunya shi ne addu'arsa. Tun yana yaro, bayan sallar asuba, sama mai kyau yake roƙo. Yanzu ga shi zaune a kan darduma a bayan jirgi, tafin hannu a buɗe, yana roƙon Allah ya kawo hadari. Ba babba ba, yakan ƙara a ransa, ba wanda zai cuci masunta ba, girgije kawai, ya rufe rana zuwa ƙarshen mako. Sai ya shafa, ya juya yamma. Sama wankakkiya, ko ɗigon girgije babu.

"Kyaftin, ba ka manta da ni ba ko?" Firoza ta ce wata safiya, yatsanta a kan ɗan wurin da yake ajiyewa can gefe shi kaɗai.

"Ban manta ba, Madam. Yau Juma'a ce, ruwan shanmu kuma ya yi ƙasa. Tsibirinmu na kusa. Gobe ko jibi."

"Jibi jirginmu na sama zai tashi."

"To gobe ke nan."

Ta dube shi. Irin mutanen nan ce da ke sauraron abin da ba a faɗa ba, abin da ya sa ya fi son hira da mijinta.

Suka ratse tsibirinsu. Bayan an sauko daga masallaci Jaufar ya bi ta bakin tasha. Tsofaffi na kan kujerun igiya, kowa na tauna irin goronsu na tsibiri, a naɗe cikin ganye. Wani ya ɗaga masa hannu. Bai gane fuskar ba sai da muryar ta fito, tsoho Easa ne, abokin mahaifinsa.

"Jaufar, wucewa za ka yi kamar ba ka san mu ba? Kuɗin baƙi ya rufe maka ido."

"Haba Baba, rana ce ta haske ni."

"Zo ka zauna. Ga kujerar ubanka, mun ajiye maka, ba mai hawa."

Tsofaffi suka yi dariya. Wasa ne, kullum haka Easa yake yi masa. Jaufar ma ya yi dariya, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, amma bai zauna ba, ko gefen kujerar bai taɓa ba.

A gida Zulfa ta zuba masa shinkafa da romon kifi, ta matsa lemun tsami, ta yanka barkono. Da ta kawo shayi ba ta ajiye a gabansa yadda ta saba ba, sai ta sa masa kofin a hannu, ta riƙe har yatsunsa suka kama. Ya lura. Ya yi kamar bai lura ba.

"An ce Zobe za ku, Baban Shifa."

"Wa ya ce?"

"Nizam ya shigo ya sha ruwa."

"Bakinsa ba ya rufuwa. In sama ta yarda ne."

Ta zauna a bakin ƙofa tana kankare kwakwa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ƙanina ɗaya ne. Mijina ma ɗaya ne."

Ya jira ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba. Da ta tambaye shi kai tsaye, wataƙila da ya faɗa. Amma ba za ta tambaya ba, shi ma ya san ba za ta tambaya ba. Ya shanye shayin ya tashi.

Washegari da asuba, a bayan jirgi, ya daɗe a kan darduma. Da gari ya waye ya dubi yamma, ya dubi gabas. Idonsa bai lalace har ya kasa gane sama mai kyau ba. Irin ranar da a da zai ce an yi ta ne don Zobe.

Yana naɗe darduma sai ga Kersi ya lallaɓo da rigarsa mai ruwan lemo, yana waige-waige.

"Kyaftin, tsakanina da kai. Ka dubi sama ka ɗan ɓata fuska, ka ce mata ba ta yi ba. Ni zan mara maka baya. Mu koma tudun yashin nan, in kwanta a ƙasa mai tsayawa wuri ɗaya. Cikina ya gaji da rawa."

Ga ƙofa an buɗe wa Jaufar, mijin Firoza da kansa. Kalma biyu ce kawai. Wa zai ƙaryata kyaftin a kan sama?

Firoza ta fito da kofin shayi. Ta dubi mijinta, ta dubi Jaufar.

"Me kuke ƙullawa?"

"Hirar maza," in ji Kersi.

"Kyaftin, sama ta yarda?"

Nizam na can wajen inji yana goge hannu da tsumma. Ya daina gogewa. Jaufar ya buɗe baki, ya ji ƙaryar a kan harshensa, a shirye. Sai ya ga ba zai iya ɗora wa saman Allah laifin idonsa ba. Gaskiyar kuma, ɗaya gaskiyar, ta ƙi fitowa.

"Ta yarda, Madam."

"Ka ci amanata," in ji Kersi, ya tafi neman maganin jiri.

Tafiyar ba nisa. Iska na bayansu, jirgi na gudu sumul, amma babu wanda ya yi wasa. Nizam ya hau kiret, Jaufar bai tsokane shi ba. Da hantsi ya yi sama suka fara jin ƙarar ruwa na fashewa a katangar Zobe. Suka sauke filafilai, Nizam ya tayar da inji ya bar shi a hankali. Jaufar ya wuce goshi, ya riƙe waya mai ɗaure jigon jirgi da hannun hagu, ya ɗaga na dama.

Hasken rana ya bugi ruwa ya dawo masa fari fat, kamar an watsa masa madara a ido. Ya cire tabarau, abin ya ƙaru. Ya mayar. Yana ganin farin kumfa a dama, yana ganin farin kumfa a hagu, tsakaninsu nan ne ƙofa. Abin da ke cikin ƙofar ne ba ya gani. Shuɗi da kore da ruwan ƙasa duk sun narke sun zama abu guda.

Ya juya hannu sama, alamar a zagaya.

"Rana ba ta gama hawa ba," ya ce da ƙarfi.

Nizam ya zagaya da jirgi, ya yi babban da'ira. Rana kuwa ta hau, inuwar mutum na ƙarƙashin ƙafarsa. Da suka sake fuskantar ƙofar, Jaufar ya shiga lalube a cikin kansa. Akwai babban dutse a baki, wannan ya tuna. A dama yake in kana shiga. Ko kuwa in kana fita ne yake dama? Ya ga wata inuwa ta taso a gabansa, ta ɓangaren dama. Dutse ne, ko yanar ce? Ya ƙifta ido, inuwar ta motsa, ta dawo. Ruwa ya fara jan jirgi. Babu sauran lokacin tunani.

Ya karkata hannu hagu.

Jirgi bai yi hagu ba. Ya ji katakon ƙarƙashin ƙafarsa ya karkata dama, inji ya yi gurnani ya ja baya da ƙarfi, har sai da ya rungumi wayar. Ya sunkuya ya dubi ƙasa. Nan kusa, inda ko makaho zai gani, wani ƙaton dutse mai ruwan ƙasa ya wuce ta hagun jirgi, ƙananan kifaye na watsewa a kansa. Da an bi hannunsa, a kansa za su hau.

Nizam ya ja jirgi baya har suka fita daga jan ruwan, ya bar shi yana lilo a shuɗi mai duhu. Kwanuka sun zube a ɗakin girki. Kersi na riƙe da tebur hannu biyu.

"Wannan ma yana cikin shirin?" ya tambaya.

Jirgin ba wani tsawo gare shi ba, amma Jaufar bai taɓa jin nisan goshi zuwa baya kamar ranar ba. Ya wuce jigo, ya wuce baƙi, ya tsaya gaban Nizam. Ya yi magana da harshensu, a hankali.

"Na ce hagu."

"Na gani, Yaya."

"Ka yi dama."

"Hannuna ne ya zame."

"Tun yaushe hannunka yake zamewa?"

Nizam ya dubi kiret ɗin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. "Tun da bayana ya fara ciwo."

Jaufar ya dubi kiret ɗin shi ma. Duk wuraren nan da ya yi ta ɗaga hannu yana murna jirgi ya wuce, ashe wani ne ke miƙa wuya daga baya yana karanta masa ruwa.

"Daga nan kana hango gwiwar ƙofar?"

"Ba na hangowa. Wancan ma don yana baki ne. Na ciki ba zan gan su ba sai mun ji su."

"Shi ne ka yi shiru, ka kawo mu har nan?"

"In ce me, Yaya? Kai ka koya mini ɗaurin igiya. Da wane bakin zan ce ka sauko?" "Ni ma hadarin nake ta roƙo."

Jaufar ya ji wani abu mai kama da dariya ya taso masa.

"Shi ya sa bai zo ba. Addu'arka ta ɓata tawa. Sauka, tafi gaba."

"Baƙi na kallo."

"Su ma cikin jirgin suke."

Ya juya wurinsu. Ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ɗauko 'yar jakarsa ya fitar da ɗiyan wuri biyu, ya ajiye a kan tebur yadda ya saba.

"Madam, Yallaɓai, akwai abin da ya kamata in faɗa muku tun ranar farko. Idona ya yi yana. Ba na ganin duwatsu. Saura kaɗan in hau da ku kan wancan. Yanzu hanya biyu ce. Ko mu juya tudun yashi, ko Nizam ya tsaya a goshi ni in tuƙa. Ranarki ce."

"Tudun yashi," in ji Kersi.

"Ba kai aka tambaya ba." Firoza ta dubi Nizam. "Ka taɓa shiga?"

"Daga baya, sau da yawa, Madam. Daga gaba, yau ne farko."

"Kana ganin duwatsun?"

"In na tsaya can, har ƙwayar idon kifi."

"Kai fa, Kyaftin, hannunka lafiya?"

"Hannu lafiya lau."

Ta dubi ƙofar, sannan ta ɗora yatsa a kan ɗan wurin da ke nesa.

Nizam ya tafi goshi, yana tafiya kamar wanda ya sa takalmin wani. Jaufar ya ture kiret da ƙafa ya kama sitiyari. Katakon ya yi santsi da gumin Nizam. Ya ɗaga kai. Ga mutum can a tsaye, amma hannun da ya ɗaga ya ɓace cikin haske.

Faɗin wannan ya fi na ɗazu wuya, don sai an ɗaga murya.

"Nizam, ba na ganin hannunka."

Maganar ta bi tsawon jirgin, kowa ya ji. Firoza ta juya wurin mijinta.

"Kersi, cire rigar."

"Rigata kuma?"

"Yau dai ta samu aikin yi. Cire."

Ya cire yana gunaguni, ya rungume tumbinsa. Nizam ya naɗa rigar a hannu ya ɗaga. Ko da yanar, Jaufar ya gan ta, kamar wuta.

Suka doshi ƙofar a karo na uku. Riga ta yi dama, ya ba da dama. Ya ji ruwa ya kama gindin jirgi yana neman juya shi, ya tare shi tun kafin a ce masa, don wannan ba aikin ido ba ne. Riga ta tsaya cak a sama, ya miƙe. Ƙarar kumfa ta cika kunne ta ɓangare biyu. Bai dubi ruwa ba ko sau ɗaya, ya san in ya duba zai ga inuwa, zai kuma so ya bi ta. Riga ta yi ƙasa, ya rage inji. Sai ta faɗi hagu gaba ɗaya, tana kaɗawa da sauri. Gwiwar ke nan. A ransa yana jin ya yi wuri, da shi ne da ya ƙara jira. Ya danne wannan, ya murɗa sitiyari har ƙarshe. Jirgi ya juya a hankali, a hankali, kamar ba zai gama ba. Wani abu ya gogi ƙasan jirgin, shuu, yashi ne. Sai ƙarar ta koma bayansu, ruwa ya kwanta.

Nizam ya saki anka. Kafin sarƙa ta gama sauka Firoza ta faɗa ruwa. Kersi ya karɓi rigarsa ya duba ta gaba da baya, ya ce daga yau ba mai sake zaginta, sannan ya sauka tsani a hankali ya bi matarsa, yana riƙe da igiya.

Jaufar ya zauna a kan kiret. Nizam ya kawo shayi kofi biyu, ya sa masa ɗaya a hannu, ya zauna a ƙasa kusa da shi.

"Kai da yayarka, hannu iri ɗaya," in ji Jaufar.

"Ba mu taɓa maganar da ita ba. Kallon juna kawai muke."

Suka sha shayi. Can Nizam ya ce, "Yaya, in mun sauke baƙi mun doshi gida, ƙofar shiga tsibirinmu ai tana da alama. Ka koma goshi, ni in hau kiret. Su Baba Easa ba za su san komai ba. In ka je aka yi aikin, shi ke nan."

Jaufar ya juya kofin a hannunsa. Likita ya ce yawanci ana dacewa, bai ce kullum ba. Ya tuna kujerar da aka ajiye masa, da tsofaffin da za su miƙa wuya su ga wa ke tsaye a goshi. Kafin la'asar maganar za ta zagaye tsibiri.

"A'a. Inda ka tsaya yau, nan za ka tsaya."

"Za su yi magana."

"Dama aikinsu ke nan. Kiret ɗin dai kar ka yar, har yanzu gajere ne kai."

Nizam ya yi dariya, ya goge fuska da gefen zaninsa, irin wanda mazan tsibiri ke ɗaurawa.

Jaufar ya ɗaga kai wajen yamma. Can ƙasa, inda sama ta haɗu da ruwa, akwai wani duhu-duhu. Ya ƙifta ido, bai tafi ba. Ya sake ƙiftawa. Wata da watanni irin wannan tambayar a cikinsa take tsayawa.

"Nizam, wancan hadari ne, ko idona ne?"

Nizam ya miƙe ya kare fuska da tafin hannu.

"Hadari ne, Yaya. Yana tasowa."

"Sai yanzu ya ga dama." Jaufar ya ajiye kofi ya miƙe, ya kama sitiyari. "Kira su su fito, mu bar nan tun rana na sama. Ka ce wa Yallaɓai muna neman aron rigar."